Jamusancin da Na Koya a Kwance

Jiya da hantsi ina tsaye a layin mai, hannu ɗaya a kan babur, ɗayan yana kare mini rana, sai ga motar hukuma ta tsaya a gefenmu. Raina ya yi fari, na ce yau dai an tuna da mu. Ashe ba mai suka kawo ba, tutoci ne, ƙanana na takarda a jikin tsinke, cike da kwalaye. Wasu ma'aikata suka hau katangar gidan man, suka rufe allon da aka rubuta babu mai da wani ƙaton ƙyalle, sauran kuma suka bi layi suna danƙa wa kowa tutarsa. Mai mota ya samu, mai babur ya samu, matar da ke gabana da jarka a ka ita ma aka soka mata tata a hannun jarkar.

Can sai ga shugaban Cibiyar Koyon Harsunan Duniya ta garinmu, wanda kowa ke ce wa Darakta, ya fito da lasifika.

“Jama'a, manyan baƙi masu jin Jamusanci za su wuce ta nan daga filin jirgi, tare da Mai Girma. Ba mu ce kowa ya bar layinsa ba. Ku dai juyo ku fuskanci titi.”

Ku faɗi tsakani da Allah, wannan ba basira ba ce? Da can sai an yi hayar motoci a kwaso mutanen tarbar baƙi, a ba su ruwa, a ba su na hanya. Yanzu ga jama'a an jera su tun asuba, a bakin babban titi, kuma ba wanda zai motsa daga inda yake ko da sama za ta faɗo. Wanda ya fara hango wannan ya cancanci a ƙara masa kujera.

Darakta ya sake ɗaga lasifika ya ce, “Akwai wanda ya iya Jamusanci a nan?”

Maƙwabcina mai aski yana bayana da galan ɗin janaretonsa. Mutumin nan bakinsa ya fi askarsa kaifi, kuma bai taɓa ganin rami bai tura ni ciki ba. Ya nuna ni da tuta.

“Ga shi nan, ranka ya daɗe. A kwance ma ya koye shi.”

Bai yi ƙarya ba. Amma kafin in gaya muku abin da ya biyo baya, sai kun san yadda mai gyaran fanka irina, wanda ko harshen uwarsa sai ya sha ruwa yake iya doguwar magana da shi, ya wayi gari da Jamusanci a baki.

Mai askin nan shi ne jaridar unguwarmu. Wata rana ina zaune ya shafa mini sabulu, ya ajiye aska ya ɗauki waya, ya bar ni kumfa tana bushewa.

“Ka san harshen da mutanen duniya suka fi koyo? Turanci. Daga shi sai irin su Sifaniyanci da Faransanci. Yanzu kuma yara sun tasa Koriyanci a gaba saboda fina-finai da waƙoƙi.”

Na ce, “Wa ke zaɓa musu?”

“Su da kansu mana. Wani aiki yake nema, wani karatu, wani mata ya gani a can, wani kuma kallo kawai yake so ya yi ba tare da karanta fassara ba.”

“To mu fa?”

Ya dawo da aska wuyana ya ce, “Mu an hutar da mu wannan wahalar.”

Haka ne kuwa. Mu a nan, harshen da za mu koya yana ɗaure ne a ƙafar jirgin Mai Girma Sauka-da-Tashi, Allah ya ƙara masa lafiyar tafiya. Duk inda jirginsa ya sauka, daga can zai dawo mana da tsaraba biyu, alkawari da harshe. Ya je ya dawo da alkawarin jirgin ƙasa, aka rubuta Sinanci a allon cibiya. Ya je ya dawo da alkawarin ruwan famfo, mai fenti ya zo ya shafe ya rubuta Faransanci. Jirgin ƙasan bai zo ba, famfon har yau iska yake fitarwa, amma mai fenti ya yi wa gidansa sabon rufi. Allon cibiyar nan ya sha fenti har ya yi kauri, in ka ƙwaƙule shi da farce za ka bi tafiye-tafiyen Mai Girma ɗaya bayan ɗaya.

Karatun kuma ba mai wahala ba ne. Sannu da zuwa, mun gode, muna murna. Da zarar baƙi sun zo an jera ɗalibai sun faɗa musu waɗannan, shi ke nan harshe ya ƙare. A yi taro, a raba takardun shaida, a ɗauki hoto, a jira jirgi ya sake tashi. Shi ya sa a unguwarmu za ka samu wanda zai yi maka sannu da zuwa da harsuna huɗu ko biyar, amma ka ce ya roƙi ruwan sha da guda ɗaya ka ga ido.

Da dariya nake kallon abin, har ya shigo mini gida.

Ina da 'ya, sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin hukuma. Ita ke sayen safar hannun da take aiki da ita. In an ɗauke wuta, waya take cizawa a baki ta haska hannun majinyaci tana neman jijiya. Ba ta taɓa kawo mana ƙorafi ba, sai wata rana da ta dawo ta zauna a bakin ƙofa ko takalmi ba ta cire ba. Uwarta ta ajiye mata abinci, ba ta duba ba. Da aka matsa mata ta ce wata mata ce ta cika a hannunta, kuma abin da zai cece ta ba wani abin a zo a gani ba ne, babu shi ne kawai a asibitin.

“Baba, na gaji da ba mutane haƙuri. Ba shi na karanta ba.”

Bayan wannan ne ta ji wani asibiti a ƙasar masu Jamusanci yana neman ma'aikatan jinya. Ta tura takardunta, suka karɓa, da sharaɗi guda. Sai ta ci jarrabawar baka ta Jamusanci kafin ƙarshen shekara, kuma in ta faɗi za a ba wa wata gurbin. Sa'ar da muka ɗauka mun yi ita ce, a lokacin Jamusanci ne a allon cibiya, domin Mai Girma bai daɗe da dawowa da alkawarin sabon asibiti ba. Malamar ma ta gaske ce, wata dattijuwa da ta yi zama a can. Ita ba ta tsaya a sannu da zuwa ba, ta ci gaba da yaran da suka nuna suna so. Uwata takan dawo tana nuna mana kai, kafaɗa, gwiwa, tana kiran sunayensu. Suna kan sassan jiki, ba su ko kai tafin ƙafa ba, jirgin Mai Girma ya sake tashi.

Mai fenti ya zo da gwangwaninsa. Aka ce wa malama ta je gida ta huta, za a neme ta.

Na sa rigata mai kyau na tafi wurin Darakta. Ofis ne mai sanyi, janareto yana ta aiki a bayan taga, bango cike da hotunan Mai Girma yana gaisawa da mutane iri-iri, shi dai murmushinsa guda. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, “Jamusanci? Ai an kammala shi.”

“Ranka ya daɗe, ana kammala harshe ne?”

“A nan ana kammalawa. An ƙaddamar da shi, an aiwatar, an yi taron rufewa, Mai Girma ya sa hannu. So kake a sake buɗe aikin da aka rufe? Masu bincike su zo mu ce musu me?”

“To a ara wa yarinyar littattafan, ta ƙarasa a gida.”

“Suna sito.”

“Makullin fa?”

“Yana wurin mai sito.”

“Shi mai siton yana nan?”

“Yana cikin tawagar Mai Girma. Sun tafi ganin yadda ake adana kaya a ƙasashen da suka ci gaba.”

Ya ga jikina ya yi sanyi, sai tausayi ya kama shi, domin mutumin kirki ne. Ya ce in gaya wa yarinyar ta dawo aji, Sifaniyanci ake yi yanzu, kuma shi duniya ke yayi. Na ce jarrabawar ta Jamusanci ce. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda bai waye ba.

“Baba, duk yaren waje ne.”

Na fito ban san lokacin da na wuce babur ɗina ba, sai da na dawo da baya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba don ni ba, don yarinyar da za ta tambaye ni yadda muka yi.

Ba ta yi kuka ba. Ta je gidan malamar, dattijuwar ta ba ta wani tsohon littafinta da bangonsa ya rabu, ta kuma ce ta riƙa leƙowa in ta tashi aiki. Sauran ta ɗora a waya. Matsala ɗaya ta rage. A jarrabawar za a zaunar da wani ya yi kamar majinyaci, ita kuma ta yi masa tambayoyi ta kwantar masa da hankali, duk da Jamusanci. Tana bukatar wanda za ta riƙa gwadawa a kansa.

Aka fara tuntuɓar mai ɗakina. Ta ce, “Ni da lafiyata ba wanda zai kwantar da ni ya yi mini fatan ciwo. Ga ubanki nan, dama ko mura ya yi sai unguwa ta ji.”

Haka na zama majinyaci. Kullum da yamma in na rufe shago, sai in miƙe a doguwar kujerar falo, a lulluɓa mini zanin gado har ƙirji. Uwata ta sa fararen kayanta, ta fita, ta ƙwanƙwasa ƙofar falona, ni da gidana, ta jira in ba ta izini da Jamusanci. Ta shigo ta gaishe ni, ta kama hannuna tana duban agogo, ta tambayi yadda na kwana. Ni kuma ta koya mini nawa kason. Ina jin ƙishirwa. Ban yi barci ba. Nan ke mini ciwo, tare da nuna wurin. Da kuma wata guda da ta ce tsofaffi kan faɗa in an zo fita, kada ki tafi tukuna. In na faɗi wannan sai ta dawo ta gyara mini matashi, ta ce yanzu zan dawo.

Da farko harshena ya ƙi. Kalmomin nan wasu daga maƙogwaro suke fitowa, mai aski ya taɓa leƙowa ta taga ya tambaya ko ƙashi ne ya maƙale mini. Amma da tafiya ta yi tafiya na gwanance, har ina ƙara nishi daga aljihuna. Mai ɗakina tana tankaɗe a tsakar gida takan ɗaga murya ta ce, “Rage dai, malam. Ka fi masu ciwon iyawa.” Wata rana na yi ciwon baya, wata rana na ciki, wata rana Uwata ta ce yau kai tsoho ne mai rigima da ya ƙi shan magani. Uwarta ta ce wannan ba sai an koya masa ba.

Ina kwance ina kallon yarinyar nan tana haɗa jimla, in ta yi kuskure ta cije leɓe ta koma baya ta sake, sai in ji abu biyu suna ja na. Ina so ta ci, domin na ga ranar da ta zauna a bakin ƙofa da takalmi. Ina kuma tsoron ta ci, domin na san abin da cin yake nufi. Ban gaya wa kowa ba, na ci gaba da nishina.

Ranar jarrabawa babu mai a garin, kamar kullum. Mai aski ya juye na janaretonsa a tankina, ya rufe shago ya wuni yana fifita da kwali. Na kai ta, na zauna a ƙarƙashin wata bishiya ina jira. Da ta fito ban iya karanta fuskarta ba. Ta zo ta tsaya a gabana ta ce, “Baba, majinyacin nasu bai kai ka iya ciwo ba.” Da sakamako ya fito, ta ci.

Ba a yi mako ba sai ga hoton Uwata a allon cibiya, ƙato, da rubutu a ƙasa cewa ga irin 'ya'yan da cibiyarmu ke yayewa. Inda suka samo hoton Allah kaɗai ya sani. Mai Girma ma ya ambace ta a wani jawabi, ya ce a ƙarƙashin jagorancinsa mun fara fitar da ƙwararru zuwa ƙasashen waje. Aka yi tafi. Ni ma na yaba, domin a duk alkawuran da ya ɗauko mana, wannan ne kaɗai na ga an loda a jirgi da idona. Ɗakin da take aiki a asibiti kuwa, na je awon jini kwanan baya na tarar da yarinya guda tana zagaya gadaje ita kaɗai, waya a baki.

Ranar tafiya mun raka ta filin jirgi. Uwarta ta yi ta addu'a tana gyara mata mayafin da ba abin da ya same shi. Ni kuma ina riƙe mata da akwati. Da ta ja akwatinta ta juya, sai na ji bakina ya faɗi jimlar nan ta tsofaffi, da Jamusanci, wai da wasa. Kada ki tafi tukuna. Ta tsaya. Ta dawo ta gyara mini wuyan riga, ta ba ni amsar da ta saba, yanzu zan dawo. Muka yi dariya mu biyu, uwarta tana tambayar me muka ce, ba wanda ya iya fassara mata.

To mu koma layin mai. Jirgin Mai Girma ya zagayo, Jamusanci ya dawo allo, amma malama tana gida ba a neme ta ba, mai sito yana wata tawagar, kuma sannu da zuwan da unguwa ta taɓa haddacewa harsuna uku sun bi ta kansa. Ga jiniya an fara jiyowa daga nesa. Darakta ya kamo hannuna ya fito da ni gaban layi, gumi yana bin wuyansa, ya miƙa mini lasifika.

“Baba, taimaka. Koya musu wani abu gajere su faɗa wa baƙi.”

Na so in yi masa bayani. Ni majinyaci ne, ba a taɓa koya mini tarbar baƙo ba. Majinyaci ba ya yi wa kowa sannu da zuwa. Amma bai tsaya ji ba, yana ta kaɗa hannu in yi sauri. Na duba ɗan abin da ke cikin kaina, na ɗauko wadda ta fi zama a bakina, na ɗora hannu a ƙirji yadda aka koya mini, na faɗa a lasifika. Nan ke mini ciwo.

Darakta ya ce, “Madalla. Ka ji harshe. Kowa ya ɗora hannu a ƙirji kamar yadda Baba ya yi, alamar girmamawa ce. Ku maimaita.”

Suka maimaita. Masu motoci, masu babura, matar nan mai jarka, mai aski da galan ɗinsa, layi tun daga bakin gidan mai har inda ido ya ƙare, kowa hannu a ƙirji, tuta a sama. Motocin suka iso, baƙaƙe masu baƙin gilashi, kowace tankinta a cike. Mai Girma ya sauke gilashi yana ɗaga mana hannu, fuskarsa fal murna. A motar da ke bin tasa wata baƙuwa mai furfura ita ma ta sauke nata. Ta fara murmushi, sai ta saurara, murmushin ya tsaya. Ta bi mu da kallo har motar ta sha kwana.

Na daɗe ina ganin tarbar baƙi a garin nan, ban taɓa ganin wadda aka faɗa musu gaskiya ba sai jiya, kuma da izinin hukuma.

Da yamma Uwata ta kira, na ba ta labari. Ta yi dariya har tana tari, uwarta na gefe tana cewa wata rana bakin nan nawa sai ya sa an zo an tafi da ni. Can dariyar ta lafa, sannan ta ce da harshenmu, a hankali, “Baba, da gaske wani wuri ke maka ciwo?”

Na ce mata lafiyata ƙalau, ta kula da tsofaffinta. Na miƙa wa uwarta wayar na fita duba babur, ko da yake ba abin da zan duba a jikinsa.

Man dai bai zo ba. Da baƙi suka wuce aka nannaɗe ƙyallen, allon babu mai ya sake bayyana, aka bi layi aka karɓe tutocin saboda baƙi na gaba. Na turo babur ɗina har gida. A hanya na ga mai fenti yana fitowa daga shago da sabon gwangwani, na tambaye shi wane harshe ne wannan karon. Ya ce shi ma bai sani ba, Mai Girma ya ajiye baƙin ya sake tashi, jirgin bai sauka ba tukuna.